Mulazamar Gwanaye a Samaniyar Kwamfuta

Daga cikin wasannin da zamani ya zo da su, waɗanda dattawa ke gani su kau da kai suna ɗaukarsu lahawu ne kawai da ɓata lokaci, akwai wani nau'i da ya fita dabam, domin ba a shigarsa da gaggawa, ba a kuma jin daɗinsa sai bayan an sha wahalar da ta kusa kai ta neman wani fanni na ilmi. Wannan kuwa shi ne kwaikwayon tuƙin jirgin saman yaƙi a kwamfuta, inda mutum zai zauna a ɗakinsa, allo a gabansa, hannun dama riƙe da sandar tuƙi, na hagu a kan totur, ya shiga wata samaniya ta ƙirƙira ta hanyar intanet, ya tarar da mutane masu rai irinsa, wani a Rasha, wani a Jamus, wani a Barazil, kowa cikin nasa jirgin, an rabu runduna biyu ana farautar juna. Waɗanda suka tsara waɗannan wasanni ba su yi wa kowa sassauci ba, sun lissafa nauyin jirgi da ƙarfin injinsa da yadda iska ke bi ta kan fiffikensa gwargwadon abin da takardun maƙeransa suka nuna, har ya zamana wanda bai san ƙa'ida ba ko raba tayoyinsa da ƙasa ba zai iya ba, balle a yi zancen yaƙi.

Abin ya samo asali ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1980, sa'ad da kamfanin Kesmai ya fitar da Air Warrior, wanda ake biyan kuɗinsa awa-awa. Daga baya WarBirds ya biyo a 1995, Aces High kuma a 2000. Amma wanda ya buɗe ƙofar ga talakawan duniya, har labarinsa ya iso gare mu, shi ne IL-2 Sturmovik, wanda Oleg Maddox da jama'arsa suka tsara a Mosko, ya fito a 2001, aka ara masa sunan wani jirgin Tarayyar Sobiyet na Yaƙin Duniya na Biyu wanda aka ƙera fiye da 36,000 irinsa. Falalarsa ita ce da zarar ka mallaki faifan, to, shiga fage kyauta ne, sai dai ka buɗe wata 'yar manhaja da ake kira HyperLobby, ka ga jerin filayen da ke buɗe da yawan mutanen da ke cikin kowanne, ka zaɓi wanda ka ga dama. Mu a nan mun riski abin a makare, galibinmu sai bayan fitowar kundin da aka yi wa laƙabi da 1946 a shekarar 2006, kuma mun riske shi tare da raunin layi da ɗaukewar wuta, ta yadda jirgin abokin gaba zai riƙa tsalle a allo daga nan zuwa can, ko kuwa a kore ka daga fili saboda jinkirin saƙonka ya wuce haddin da mai filin ya yanka.

Halin sabon shiga a wancan zamani abin tausayi ne, duk wanda ya bi ta hanyar ya san shi. Zai zaɓi jirgin da ya taɓa jin sunansa, Messerschmitt 109 ko Spitfire, ya tayar da inji, ya danna totur har ƙarshe. Nan take ƙarfin juyawar farfela zai fizgi hancin jirgin gefe guda, ya bar titi ya yi ta wulwulawa cikin ciyawa har fiffike ya karye, alhali jama'a suna kallo. In Allah ya sa ya tashi, zai manta da buɗe lagireto, inji ya ƙone tun bai kai fagen fama ba. In kuma ya kai, sai kurum ya ga allonsa ya yi baƙi, bai san wanda ya harbe shi ba, bai kuma san ta inda ya ɓullo ba. Filayen da gwanaye ke taruwa kuwa su ne mafi tsanani, domin a cikinsu an hana kallon jirgi daga waje, an cire alamomin da ke bambanta aboki da maƙiyi, an ɓoye matsayinka a taswira, sai ka gane gari da kogi da layin dogo da idonka. Littafin da ke zuwa da faifan bai zarce bayanin maɓallai da nisa ba. Abin da ya rage wa mai nema shi ne ya zuba ido.

Zuba idon nan darajoji gare shi. Mafi ƙanƙantarsu ita ce mutum ya zauna a filin jirgi, injinsa a kashe, yana kallon yadda manya ke fita: yadda suke tafiya a karkace hagu da dama a kan hanyarsu ta zuwa titi, saboda dogon hancin jirgi ya tare musu gaba, da yadda suke tsayawa su daidaita, su kulle tayar jela, su ƙara wuta kaɗan-kaɗan suna taka feda don su rama fizgar farfela. Wadda ta fi wannan albarka nesa ba kusa ba ita ce ta ajiyayyen tarihi. Wasan yana iya adana dukkan abin da ya gudana a fili cikin wani ɗan ƙaramin fayil, wanda in ka buɗe shi daga baya za ka iya tsayar da lokaci ko ka rage gudunsa, ka bar naka jirgin ka koma ga na wanda ya kashe ka, ka bi shi tun daga nesa har zuwa sa'ar da ya sauko maka. A nan ne basirar mutum ke buɗewa, domin sai ya ga ashe wanda ya harbe shi ya gan shi tun da daɗewa, ya yi ta binsa daga sama yana jira, ya zagaya har rana ta koma bayansa, ya tabbatar babu wani mai kawo ɗauki a kusa, sa'an nan ya sulalo ya yi harbin da bai wuce daƙiƙa biyu ba, ya koma sama abinsa. Wasu gwanaye masu kyauta sukan raba nasu fayilolin, waɗanda a cikinsu har motsin kansu ake gani, watau inda suke dubawa da tsawon lokacin da suke ɗauka suna dubawa. Ni kuwa a ganina babu darasin da ya kai wannan, don abin da ya fi bayyana a ciki shi ne gwani ba ya daɗewa yana kallon gabansa, rabin tafiyarsa waiwaye ne.

Daraja ta ƙoli ita ce ta bi. Akwai ƙungiyoyi masu kiran kansu runduna, kowace da haruffan da 'ya'yanta ke maƙalawa gaban sunansu, suna haɗuwa a TeamSpeak ko Ventrilo su riƙa magana da baki yayin da suke sama. Wanda aka lura yana da haƙuri, ba shi da yawan surutu, wata rana wani dattijon fili zai ce masa ya biyo shi, ya tsaya a damansa baya kaɗan, kada ya harbi kome sai an ce masa, kada kuma ya rabu da shi ko me ya gani. Wannan hali bai yi mini kama da kome ba sai mulazamar da ɗaliban ilmi ke yi wa malamai a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, inda ɗalibi zai shekara yana zama gefen buzun malam, karatunsa na kansa bai wuce layi biyu ko uku a rana ba, amma yana jin na waɗanda suka riga shi, yana ganin yadda malam ke karɓar mas'ala, da inda yake yanke hukunci nan take, da inda yake yin shiru ya ce a bari sai an duba, har ya zama abin da ya ɗauka daga zaman ya rinjayi abin da ya ɗauka daga matani. Mabiyin jirgi ma, cikin sa'a guda da zai yi bayan jagoransa, wataƙila faɗan bai kai minti uku ba. Sauran duk hawa ne da sintiri da dube-dube, da kuma abin da nake ɗauka shi ne zuciyar fannin, watau ƙin shiga faɗan da bai kamata ba. Za ka hango ɗigo huɗu a ƙasa da ku, ranka ya biya, jagora ya ce a wuce, saboda ya ga wasu biyu can sama waɗanda kai ba ka gani ba. Za ku far wa ayari, harbin farko ya kuskure, kana jiran a juyo a sake, sai ka ga ya miƙe ya nufi gida. Ba zai yi maka sharhi a lokacin ba, sau da yawa ma ba zai taɓa yi ba, amma bayan an maimaita haka dare bayan dare sai ka wayi gari kana jin nauyin wasu wurare a jikinka tun kafin ka san dalili.

Ƙa'idodin da ke ƙarƙashin wannan duka ba su da yawa in an rubuta su. Wanda ke sama yana iya mayar da tsawonsa gudu duk sa'ad da ya so, ya sake mayar da gudun tsawo, na ƙasa kuwa ba shi da wannan zaɓi. Kowace juyawa mai tsanani tana cin gudu, in gudu ya ƙare fiffike ya daina ɗaukar jirgi, ya kife. Kowane jirgi kuma da ɗabi'arsa: Zero na Japan mara nauyi ne, yana juyawa a ɗan wuri, amma sandarsa tana sandarewa in gudu ya yi yawa, kuma ba ya jure harbi, Focke-Wulf 190 yana mirginawa da sauri, amma in aka matsa masa a juyi sai ya kife ba sanarwa, Spitfire na farko-farko in ka tura hancinsa ƙasa farat ɗaya kafiretonsa yakan yanke mai, inji ya yi tari, abin da ba ya samun Messerschmitt. Duk wannan ana iya haddace shi, akwai ma littafin Robert Shaw mai suna Fighter Combat, na 1985, wanda 'yan wasa suka mayar tamkar matanin fannin. Sai dai sanin cewa juyi yana cin gudu dabam, sanin cewa wannan juyin da kake shirin yi yanzu shi ne ajalinka dabam, kuma na biyun ba a samunsa sai ta mushahada.

Ba kuwa 'yan wasa ne suka ƙago wannan tarbiyya ba, gadonta suka yi daga masu abin na haƙiƙa. Oswald Boelcke, Bajamushen da ya tsara ƙa'idodin yaƙin sama a rubuce a 1916, ya tara samari yana fita da su su ga yadda yake yi, cikinsu har da Richthofen wanda daga baya ya wuce malaminsa shahara. Erich Hartmann, wanda aka lissafa masa jirage 352, adadin da babu wanda ya kai, ya isa fagen Rasha a Oktoban 1942 yana ɗan shekara 20, aka haɗa shi da wani tsohon hannu mai suna Rossmann. A karonsa na farko ya bar jagoransa ya ruga wa abokan gaba, ya ɓace, mansa ya ƙare, ya yi saukar dole ya lalata jirgin, aka hore shi da aikin kwana uku tare da makanikai. Shi Rossmann rauni gare shi a hannu wanda ya hana shi kokawar juye-juye, don haka ya saba da tsayawa nesa ya auna kafin ya faɗa, kuma wannan lalura ta malam ita ta zama mazhabar ɗalibi har ƙarshen yaƙin. Mu ma muna da ɗan rabo a tarihin bin jagora, domin tun daga 1940 Turawan Ingila sukan haɗa jiragen yaƙi a Takoradi, cikin ƙasar Gana ta yau, a taso da su ayari-ayari ta Ikko da Kano da Maiduguri, a ratsa Sudan zuwa Alƙahira, jirgin Blenheim guda mai ɗauke da masanin hanya a gaba, 'yan Hurricane masu kujera ɗaya suna biye da shi, saboda wanda ya rabu da ayari a wannan sarari ya shiga hatsarin da ya fi na abokin gaba.

Tare da fannin ake ɗaukar ladabinsa, ba tare da wani ya karantar da shi ba. Ka ga manya in sun yi faɗa mai kyau, wanda ya faɗi ya rubuta wa wanda ya kayar da shi harafin S da alamar motsin rai, watau ya sara masa. Ka ga ba sa harbin wanda ya yi tsalle da laima, ba sa ɓarin wuta ta kan kafaɗar abokinsu don su ƙwace jirgin da ya riga ya raunata, a filaye da yawa kuma abin kunya ne a far wa wanda ke kan titi yana shirin tashi. Na kuma lura cewa dattawan da suka fi zurfi a tarihin jiragen nan su ne suka fi nisantar ado da tutocin azzaluman da suka haddasa yaƙin, domin sun san abin da muke yi don nishaɗi, wasu samari sun yi shi da ransu, sun ƙone a cikinsa, garuruwa kuma sun rushe a ƙarƙashinsu.

Sa'an nan zamani ya juya. YouTube ya bayyana a 2005, ko da yake an ɗauki shekaru kafin layinmu ya iya ɗaukarsa. Twitch ya zo a 2011 da kallon kai tsaye. Discord ya zo a 2015 ya gaje mafi yawan majalisun TeamSpeak. Wasannin su ma suka rarrabu. War Thunder na kamfanin Gaijin ya zo kyauta, ana iya tuƙa shi da linzamin kwamfuta, an kuma dasa wani mataimaki cikin manhajar wanda ke riƙe jirgi kada ya kife. DCS World na Eagle Dynamics ya bi ɗaya ɓangaren, ya kawo jiragen zamani waɗanda kowane maɓalli na ɗakin matuƙinsu yana aiki, har littafin jirgin A-10C kaɗai ya haura shafi 600. Zuriyar IL-2 kuma ta sake sabon tashe da wasan yaƙin Stalingrad a 2014. Tsakani da Allah alherin wannan sauyi mai yawa ne, kuma wanda ya musa shi hassada ce ke damunsa. Yaro a Funtuwa ko Maraɗi, da wayarsa a hannu, zai ga cikin yammaci guda abin da mu muka yi watanni muna tsintarsa. Ga jiragen zamani kuwa, waɗanda tayar da su kaɗai jerin matakai ne masu yawa bisa tertibi, ban san wani malami da ya fi bidiyo ba, domin za ka tsayar da shi, ka danna naka maɓallin, ka ci gaba, ba ya gajiya ba ya kuma tsawa.

Amma fa mai bidiyo masu kallo yake nema, masu kallo kuwa ba su da haƙurin hawan minti ashirin, saboda haka sai ya sa almakashi. Ya yanke hawan, ya yanke sintirin, ya yanke daren da ya fita ya komo bai saki ko harsashi ɗaya ba, ya yanke faɗan da ya ƙi shiga, ya bar wa jama'a daƙiƙun da wuta ke tashi, ya ɗora musu kiɗa. Ɗalibin bidiyo ke nan yana ganin hukunci ba tare da muƙaddimarsa ba, sai ya yi taƙalidin motsin hannu alhali illar da ta sa aka yi motsin tana cikin abin da aka yanke. Ina haɗuwa da irinsu a filaye, samari masu hannu ƙwarai, suna yin juye-juyen da mu ba mu san sunansu ba a shekarunmu na farko, suna kuma harbi daidai, amma wanda ba su gani ba shi ke kashe su, daidai yadda yake kashe sabon shiga tun zamanin HyperLobby. Wani abin kuma da ya fi wannan girma a wurina shi ne kallon da ake yi a da ta fuska biyu ne. Kana kallon jagora, shi ma yana kallonka. Shi zai ce maka ka yi nisa, ko ka cika zuba wa na gabanka ido, ko ya gane daga muryarka cewa ka ruɗe tun kafin kai ka gane. Sa'an nan kana koyo ne alhali akwai amana a wuyanka, domin bayansa ya bar maka, in ka yi gafala shi zai faɗi, kuma kunyar ganin jirginsa yana hayaƙi saboda sakacinka tana karantar da abin da maimaita bidiyo ba zai karantar ba. Mai bidiyo kuwa, kome kirkinsa, bai san da kai ba.

Kada kuma a ɗauka zamanin da ba shi da aibi. Ujubu ya yi wa gwanaye da yawa katutu, wasu suna ɓoye abin da suka sani kamar asiri, wasu suna mayar da sabon shiga abin dariya. Wanda kuma Turancinsa bai nuna ba, ko lafazinsa ya yi wa kunnensu baƙo, yakan daɗe a bakin ƙofa. Ruwayoyi marasa isnadi game da jirage sun yi ta yawo daga babba zuwa ƙarami, an kuma ɓata shekaru ana jayayya kan ko masu wasan sun fifita jiragen Rasha a kan na Jamus, kowane ɓangare da takardunsa. Yanzu akwai manhaja irin Tacview, wadda ke zana hanyar da kowane jirgi ya bi tare da gudunsa da tsawonsa a kowace daƙiƙa, sai a baje ta bayan an sauka, ƙarami ya iya nuna wa babba inda ya kuskure, babban kuma ba shi da ta cewa. Wannan ci gaba ne wanda da mun same shi da wuri da an huta da gardama mai yawa.

Halin da ake ciki a wajenmu yau shi ne kallo ya yi arha, tashi ya yi tsada. Kwamfuta mai ƙarfi da sanda da feda da na'urar bin motsin kai irin TrackIR, duk daga waje ake kawo su, farashinsu kuma yana bin canjin kuɗi, saboda haka za ka sami saurayi ya san sirrin jiragen da bai taɓa tayar da ko ɗayansu ba. Masu himma sukan nemi sanda ta hannu, su haɗa bin motsin kai da kamarar kwamfuta da manhaja ta kyauta, su lallaɓa. Abin da ke taimakonsu shi ne agogonmu da na tsakiyar Turai ɗaya ne a lokacin hunturu, a bazara kuma bambancin sa'a guda ne, don haka filayen can suna cika ne daidai bayan an idar da isha'i. Rundunonin ma ba su ƙare ba, sun dai koma Discord, kuma masu tsari daga cikinsu har yanzu abin da suke fara nema wurin baƙo shi ne ya tashi lafiya, ya tsaya gefen jagora ba tare da ya wuce shi ko ya ɓace ba, ya kuma sauka da jirginsa cikakke. Da yawa sukan ga abin ya yi musu sanyi, su koma filayen da ake faɗa minti-minti. Waɗanda suka jure kuwa, bayan wasu watanni akan ba su jagorancin jirage biyu, a haɗa su da wani sabon shiga.